Kuɗin Jirgin Inna

Maigidana tela ne, saboda haka da ya tashi shirin ƙaurarmu daga Kontagora zuwa Kano, da ƙyallayen ɗinki ya yi lissafi. Zamanin Turawa ne, sojoji ba su daɗe da dawowa daga yaƙi ba. Ɗinki a garinmu sai da salla, in ta wuce sai ya wuni a bakin keke yana korar ƙuda. Ana nan sai ubangidansa da ya koya masa sana'a ya aiko daga Kano, ya ce ya samo masa gefen rumfa, ya yi maza kafin wani ya riga shi.

Wata safiya ya kira ni ɗaki, ya fasa asusu, ya kasa abin da ke ciki kashi-kashi a kan tabarma, kowane kashi ya ƙulle shi a ƙyalle daban. Ja na kuɗin mota ne zuwa Zungeru, inda za mu hau jirgin ƙasa. Shuɗi na jirgi. Fari na hayar ɗaki a Kano, wani mai ɗigo-ɗigo kuma na cefane kafin ɗinki ya kama. Ya gama ya kakkaɓe hannu, yana ta jin daɗin kansa.

Na ce, "Malam, shuɗin nan na mutum nawa ne?"

Ya ce, "Ni da ke. Goyo ai ba a biya masa."

"Inna fa?"

Sai ya kama sosa ƙeya. Inna ita ta haife ni. Mutuniyar ƙasar Rijau ce, aure ya kawo ta Kontagora, babana ya rasu, cikin duk waɗanda ta haifa ni kaɗai na rage mata. Tana zaune a ɗaki guda jikin katangarmu, ga tsufa, ga wani tari da ke tasar mata duk damina. Malam ya ce in ɗinki ya kama, an kwana biyu, sai a aiko a ɗauke ta.

Na ce, "Wa ka taɓa gani ya tafi Kano ya waiwayo cikin kwana biyu? Wallahi in na bar tsohuwar nan, labarinta kawai zan ji."

Ba mugu ba ne, Allah ya sani, abin da ke kan tabarmar ke nan. Ya ce in na iya haɗa kuɗinta, kuma kayanmu ba su wuce abin da ya yi ciniki da direba ba, to bismilla. Shi da Inna kuwa ba mai iya yi wa wani maganar. Surukai ne na gaske, in ta ji tarinsa a zaure sai ta shige ɗaki, in ya hango ta a rijiya sai ya sake hanya. Ita ba ta tambaye ni ba, ni ban faɗa mata ba, amma na ga ta daina shanya kuɓewa da ta saba yi mana.

Na zage. Na sayar da akuyata, na sayar da turmi da taɓarya, da manyan tukwanena da ba za su kai Zungeru da rai ba. Na roƙi uwar adashinmu ta ba ni ɗauka kafin lokacina, ta ja rai ta ja rai sannan ta yarda. Har fantekar aurena sai da na rabu da ita, ina miƙa ta ina hararar matar da ta saya. Da na haɗa duka, kuɗin motar Inna ya fita, na jirgi kuwa ko rabi bai kai ba. Kayanmu dai sun zama ɗan kaɗan: keken ɗinki, akwati, adudu, sai tabarmi. Direba ya zo ya ɗaga kowanne ya ji nauyinsa, ya ce in aka ƙara ko ƙwarya ɗaya, ciniki ya tashi.

Abin da muka manta da shi, ni da mai ƙyallaye, shi ne sallama. Mai tafiya nesa ba ya sulalewa kamar ɓarawo, sai ya bi gida-gida ya yi ban kwana, kuma duk inda ya shiga sai an ba shi guzuri. Na makwabta da sauƙi, wannan ƙuli-ƙuli, wannan daddawa, wannan ɗan barkono a ƙulle. Ina ta cusawa a adudu ina godiya.

Sai ga Kawu, yayan Inna, daga Tungan Magajiya. Ina tsakar gida na ji kukan jakai a ƙofa, na leƙa. Innalillahi! Jakai ne a jere, shi da wasu dangi biyu suna ta sauke mangala. Dawa, doya, tulun man kaɗe, goran zuma. Dangin Inna manoma ne, wasu na zuwa wurin 'yan mishan, wasu na nan kan al'adar kakanni, amma wajen kyauta duk hannunsu ɗaya, ba su san kaɗan ba. Kawu ya share gumi, ya ce da Hausarsa mai gargada, "Ga ɗan guzuri."

Ɗan guzuri! Na durƙusa na yi godiya. Ba a mayar da guzuri, wannan cin mutunci ne. Ba a barinsa a baya. Kai shi kasuwar Kontagora kuwa, kafin in sauke tallan labari ya kai Rijau cewa 'yar ƙanwarsu ta sayar da kyautarsu a bainar jama'a. Malam ya kira direba ya gani. Mutumin ya zagaya kayan, ya yi fito, ya faɗi abin da zai karɓa. Duk abin da na tara wa Inna ne, har da neman ciko.

Ranar na yi kuka a madafa, na haɗa da hayaƙi don kada a gane. Washegari wata dabara ta faɗo mini: tunda ba a sayarwa, ai ana ci. Na gayyato matan unguwa, muka surfa dawa, muka tuƙa tuwo, muka dafa doya, na ce sadakar tafiya ce. Na bi gidaje da kwanuka, ina murna kaya na raguwa.

Kafin la'asar kwanuka suka fara dawowa. Kowa ya san kwano ba ya komawa gidansu wofi, balle na mai tafiya. Wanda ya tafi da tuwo ya dawo da gyaɗa. Wani shinkafa, wani wake. Wata tsohuwa, Allah ya jiƙanta, ta ɗoro mini kaza mai rai a kan murfi, an ɗaure mata ƙafa. Na tsaya a tsakar gida riƙe da kaza, kaya sun koma yadda suke, ga gajiya ta banza.

Kawu na zaune a gindin katanga, tun safe yake kallona ina ɗibar dawa, fuskarsa a murtuke. Ya ce, "Ke, wa ya ce ki buɗe hatsin nan?"

Nan fa na ɓalle. Na manta da kawu ne. Na ce, "Kawu, kun kashe ni! Na sayar da akuyata, na sayar da fantekata don in tafi da Inna, kun zo kun jibge mini abin da mota za ta cinye kuɗin. Yanzu ita za ta zauna, dawa ta tafi Kano? Dawa ce ta haife ni?"

Ya bar ni na gama tas. Sannan ya waiga ya ga Malam ba ya kusa, ya sassauta murya. "Wa ya yi miki maganar mota? Kin ga mun koma da jakan nan gida? Rakiya za mu yi muku. Mu za mu riga ku tashi, mu jira ku a Zungeru. Can ma'aikatan reluwe ba sa noma, masu tuwon tasha kullum neman hatsi suke, kuma ba wanda ya san wa ya ba wa."

Na ce, "Sayarwa za a yi?"

"Kuɗin jirgin ƙanwata ne. Tun da muka ji kin kai akuya kasuwa muka gane. In na miƙa wa mijinki kuɗi na ce ɗauki surukarka, na kunyata shi a gidansa. Guzuri kuwa ba mai jin kunyarsa."

"To, me ya hana ku faɗa mini?"

Ya ce, "Ke da bakin nan naki?"

Har yau ina cewa da sun buɗe baki da ban tuƙa wa rabin Kontagora tuwo ba. Amma a lokacin sai na ajiye kazar na zauna a ƙasa. Kawu ya duba abin da na cinye, ya girgiza kai, ya ce bai san ko saura zai kai ba. Aka juye gyaɗa da shinkafa da wake a mangala, aka rataye kaza a wuyan jaki, suka kama hanya.

Sai da safen tafiya na iya gaya wa Inna ta ɗaure kayanta, kuma gaskiya na gaya mata: zuwa Zungeru dai tabbas, gaba kuma sai yadda Allah ya yi. In bai kai ba, Kawu zai juyo da ita. Ta shiga gidan makwabciyarta ta ɗan jima, ta fito da wani ƙaramin ƙunshi a hammata.

A mota, muna saman kaya, kowane rami sai na ji shi a ƙirjina. A Zungeru muka sami Kawu a gindin wata bishiya kusa da tasha, ya riga ya sayar da dawa da doya. Ya ce kuɗin jirgin da saura. Man kaɗe da zuma suka tafi wurin wata mai abinci, har yanzu da saura kaɗan. Abin da ya cike shi ne kayan kwanukan nan, gyaɗar da shinkafar, a ƙarshe har da kaza. Kawu ya miƙa mini kuɗin, ni na miƙa wa Malam, ba wanda ya kalli wani. Malam ya shiga layi, ya daɗe, ya fito yana ɗaga tikiti uku sama kamar yaro. Na jingina da akwati ina ta alhamdulillahi, ban san sau nawa ba.

Jirgi ya yi kuka, ya ja. Inna ta damƙe gefen benci, ba ta taɓa hawa abin da ya fi jaki gudu ba sai motar ranar. Malam ya koma can ƙarshen tarago ya ba mu baya, don kunya. Da Zungeru ta ɓace, ta saki benci, ta kwance ƙunshin nan ta ɗora mini a cinya. Farin yadi ne sabo, a ninke.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Likkafanina ne. Tun ranar da na ji an fasa asusu na kai wa makwabciya ajiya, na ce ita za ta naɗe ni. Yau da safe na karɓo abina." Ta dafa hannuna a kai. "Riƙe. Ke za ki yi."

Na ce, "Haba Inna, a cikin jirgi?" Ina dariya hawaye na zuba. Na mayar na ƙulle, na sa a ƙasan adudu. Sai da ta ga yaron da ke bayana ya fara taka keken ubansa kafin na ciro likkafanin, kuma ni ɗin ce na naɗe ta.