Ciwon da Hula Ta Ɓoye

Da asuba munka tashi daga Sakkwato, ana sallame sallah direba ya tada mota. Mu goma ne cikin motar mutum bakwai, ga buhunan gishiri da katan-katan na taliya a baya. Na yi sammako ne don in samu gefen taga ta dama. Shekara talatin da ɗoriya ina bin hanyar Sabon Birni, amma wannan ne zuwana gida na farko tun da na iya haɗa baƙi. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, kun san abin da nake nufi. Na ƙudurta duk allon da munka wuce sai na karanta shi da idona.

Sai dai ban tashi da cikakkiyar lafiya ba. Kwana huɗu ke nan gefen kaina na dama yana zugi, daga goshi zuwa tsakar kai, kamar an aza garwashi. Ana gobe tafiya ɗiyata, wadda ke koyarwa a firamare, ta ce ba za ni hau hanya a haka ba. Ta kira wata likita ta waya, irin kiran da ake ganin juna. Da na ji likita za ta gan ni, sai na yi abin da kowane dattijo zai yi. Na yi wanka, na sa farar riga, na ɗauko hulata ta zuwa ɗaurin aure na danna ta har kusa da gira. Da safiyar ranar na shafo wasu 'yan ƙuraje a bakin gashi, na ce zufa ce da gugar hula.

Likitar mai haƙuri ce. Ta tambayi barcina, ta tambayi hawan jini da zazzaɓi, sannan ta ce, "Baba, akwai abin da ya fito maka a fata?" Na ce babu. Ina za ni tsai da babbar likita a kan ƙurajen zufa? Ga ɗakin ba haske sosai, hoton yana tsayawa yana tafiya. Ta rubuta maganin ciwon kai, ta ce in wani abu ya fito ko ido ya yi ja, in je a duba ni gaba da gaba, kada in jira. Na yi godiya. Ɗiyata ta ce hular ta yi mini kyau.

Allon farko da na kama shi ne na Achida. Na karanta shi a bayyane ban sani ba, wani mai albasa da ke kusa da ni ya ce, "Mun sani, Malam." Daga nan na koma karantawa a zuci. Ashe duk shekarun nan hanya tana ta magana ni ne ba na ji. Ga mai gyaran taya ya rubuta sunansa a jikin tsohuwar ƙofar mota, ga gargaɗi a bayan tirela, ga wani shagon magani da ya rubuta kalma ɗaya ba daidai ba. Wannan ya fi komai yi mini daɗi, don malaminmu da jan biro zai bi ta.

A Goronyo munka tsaya karin kumallo. Shayi da ƙosai na sha, kuɗin da na ba da kuwa a da ya isa kuɗin mota zuwa gida har da canji. Ƙosan ma ya rame. Mun daɗe a wurin, don yanzu direbobi ba su son shiga sauran hanyar ɗai-ɗai, sai motoci sun taru a bi juna. Ba wanda ya yi ƙorafi. Ina zaune na tuna lokacin da muke hawa bayan akori-kura a kan buhunan gero, in mota ta lalace a daji mu shimfiɗa tabarma, matan Fulani su kawo nono, makiyayi ya zo a yi hira har makaniki ya iso. Yau in taya ta fashe ba mai fitowa shan iska.

Da munka kusa Unguwar Lalle na gyara zama. Nan ne garin kakata ta wajen uwa, nan nake zuwa cin gyaɗa da kaka. Na hango allon, na kama harafin farko da na biyu, sai sauran sunka narke. Idona na dama ya cika da ruwa, hasken rana yana sukarsa kamar ƙaya. Na rufe shi da hannu na ƙarasa da na hagu. Na ce wa kaina iskar taga ce. Shekara uku na yi ina zama a benci bayan la'asar, ina da furfura, kafin haruffa su yarda su tsaya mini. Ban shirya su fara gudu tun yanzu ba.

Mun shiga Sabon Birni ana kiran azahar. Garin ya cika da baƙin fuskoki, mutanen ƙauyuka da sunka dawo zama kusa da jama'a. Na sauka gidanmu wurin yayata, wadda ita kaɗai ta rage cikin manya. Ta dama mini fura da nonon da ba a sirka ba, irin wadda a birni sai dai labari. Tsamiyar ƙofar gida tana nan, amma dakalin da babanmu ke zama ya zube. Na so in gaya wa ɗiyata na sauka, anka ce sai na hau tudun bayan makaranta, nan ake kama layin wayar Nijar, don namu ba ya aiki a garin. Na tarad da mutum ya fi goma a kai, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu duban wata.

Al'adata ce in na zo gida sai abokina wanzami ya yi mini aski. Tare munka yi kiwon awaki, tare anka yi mana kaciya, kuma babansa ne ya yi mana zanen fuska. Bayan la'asar na same shi a rumfarsa ta bakin kasuwa yana wasa aska a fata.

"Ɗan birni! An ce yanzu har jarida kake karantawa. To, zauna in ga ko bokon ya ƙara maka girman kai."

Bai tambaye ni ba ya cire hular, kamar yadda ya saba shekara arba'in. Ya juya kaina zuwa haske, ya ɗaga haɓata, ya daɗe yana kallo. Ya naɗe askarsa ya mai da ita zabira.

"Tun yaushe?"

"Ƙurajen zufa ne."

"Zufa ta san tsakiyar kai? Duba nan."

Ya miƙo madubi. Ƙurajen sun yi ruwa, sun taru gungu-gungu daga tsakar kai zuwa girar dama. A tsakiyar goshi sunka tsaya cak, kamar an ja layi da rula, gefen hagu ko ɗigo babu. Ga wata ƙwaya ɗaya a gefen hanci.

Na ce ko zai yi mini ƙaho a zuƙe mugun jinin. Ya ce, "Askata ba ta taɓa wanga. Na gan shi ga wani masunci, anka yi ta shafe-shafe ana jira, idon ya tafi. Likitan garinmu ya yi tafiya. Gobe da sassafe asibitin Isa za mu."

Da hantsi muna kan babur mu uku har da mai tuƙi, kaina ba hula, na yafa ƙyalle saboda rana. Rabona da fita kai-sake cikin mutane tun ina saurayi. Hanyar Isa ta bi ta gonakin da na sani. Wasu gero ya yi kai har ya sunkuya, wasu kuwa ciyawa ce ta gaje su, masu su ba su samu shiga ba bana. Kukokin nan dai suna tsaye inda na bar su. Abokina yana nuna mini inda muke tsallake gulbi da rani mu je kallon dambe, ni kuwa ido ɗaya nake kallo da shi.

A asibitin Isa munka bi layi da mutanen Kamarawa da na Bafarawa, mata da goyo, tsofaffi a kan tabarma. Likitan matashi ne, Bayarabe, amma Hausa a bakinsa kamar a Gusau anka yanke masa cibi. Yana ganin zanen fuskata ya yi murmushi, ya tada wasan nan na Yarbawa da Gobirawa.

"Bagobiri, yau ka zo hannun ubangidanka."

Na ce, "Bawa dai ya yi wa maigidansa aiki, lada na wurin Allah."

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya haska idona da 'yar fitila, ya ɗaga fatar ido, ya shafa auduga a goshina hagu da dama yana tambayar inda ya fi zafi. Ƙwayar nan ta gefen hanci ita ya fi tsayawa a kai. Ya tambaya ko na taɓa yin ƙarambau ina yaro. Na ce ban tuna ba.

Abokina ya ce, "Ya yi, likita, shi ya shafa mini. Zaure guda anka killace mu, innarsa tana shafa mana farar ƙasa, tana miƙo kunu ta bakin ƙofa. Shi ke shanye nawa."

Yana faɗi sai ga zauren a idona, har da ƙamshin kunun tsamiya da muryar inna tana hana mu susa. Likita ya ce to wancan ciwon ne bai fita ba. Ƙwayarsa takan kwanta a jijiya shekara da shekaru, in girma ya zo ko jiki ya yi rauni ta farka ta bi jijiya ɗaya, shi ya sa take tsayawa a gefe guda. Ya ce tawa ta bi wadda ke zuwa ido, kuma maganin ya fi aiki in an fara shi cikin kwanakin farko. Ya ce da na ƙara kwana biyu ina jiran zufa ta bushe, da maganar ta canza.

Na ce ai likita ta gan ni ta waya. Ya tambayi yadda anka yi, na gaya masa har da hular. Ya girgiza kai ya ce, "Ba ta yi kuskure ba, abin da ka nuna mata ta gani. Waya ba ta da hannun da za ta cire wa dattijo hula." Sannan shi ma ya ciro tasa wayar, ya ɗauki hoton goshina da idona ya aika wa wani likitan ido a Sakkwato. Kafin mu sayo ƙwayoyin da ya rubuta mini a shagon magani amsa ta zo, an ce in fara sha nan take, gobe in zo a duba cikin idon da na'ura.

Kwana biyar na yi niyyar yi a gida, biyu na samu. Yayata ta ƙulla mini kuka da daddawa, ta ce in dawo da idanuna biyu. A hanyar komowa ban karanta allo ko ɗaya ba, na rufe ido ina jin mota tana faɗawa ramukan da na haddace tun kafin in san harafi.

A asibitin ido anka ɗiga mini magani, anka ce ciwon ya taɓa gaban idon amma an tare shi da wuri. Bayan mako biyu na koma gwaji. Ma'aikaciyar ta dubi furfurata da zanena, ta ɗauko allon da ake nuna wa waɗanda ba su yi karatu ba, mai alamar nan da ake nuna inda ta fuskanta da hannu. Na ce, "Ɗiyata, kawo na haruffan." Ta rufe mini idon hagu. Da na dama na karanta layi na ɗaya, na biyu, har na biyar. A na shida sunka fara rawa, ta ce ya isa.

Zugin goshin bai gama tafiya ba, an ce yakan ɗauki lokaci. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, likitan waya yana rage wa mutum hanya, musamman irin hanyarmu ta yanzu, amma abin da ka buɗe masa kaɗai yake gani. Ciwon fata da na ido suna son haske da hannu, da wanda ba ya jin nauyinka. Jiya ɗiyata ta sake kiran likitar nan don mu gaya mata yadda ta kasance. Na zauna a tsakar gida inda rana take, kuma kafin ta gama sallama na cire hular na aza a gwiwa.