Ranar da Motar Maiwada Ta Tona Masa Asiri

A tashar Gaya, idan ka ce kana neman Maiwada direba, sai an tambaye ka wanne. Amma ka ce "Ga-ni-nan", har mai sayar da rake zai nuna maka inda yake ajiye motarsa, ko da yake da wuya ka tarar da shi a wurin.

Ɗan Kademi ne. Ubansa manomi, kakansa manomi, shi ma an so ya gaje su, sai dai tun yana saurayi aka lura cewa shi da fartanya ba sa ga-maciji. Duk ranar da aka ce a fita gona sai ciwon ciki ya taso masa, irin ciwon da ba ya lafawa sai an gama maimai. Da aka gaji, aka haɗa masa babur ya shiga acaɓa. Daga babur ya koma adaidaita, daga nan Allah ya hore masa wata tsohuwar mota ruwan toka wadda ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Da ita yake jigila tsakanin Kademi da Gaya da ƙauyukan Ajingi.

Mutum ne mai daɗin zama. Ba ya gudu, ba ya faɗa da fasinja, tsofaffi kuwa har ƙofar gida yake kai su. Aibinsa ɗaya ne: bai taɓa faɗin gaskiyar inda yake a waya ba. Hannunsa na cikin kwanon tuwo zai ce maka ya shigo gari. Yana kwance ƙarƙashin mota wajen bakanike zai ce ka leƙo titi, yanzu za ka hango shi. Kuma shi bai ɗauki wannan ƙarya ba.

"Hankalin mutum nake kwantarwa," in ji shi. "Ka ce wa bawan Allah kana nesa, ai ka ɗaga masa jini a banza."

Wata ranar kasuwa yana tuƙi, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana rantse wa wani cewa ya wuce inda bai kai ba tukuna, sai wani bijimi ya ɓalle daga garke ya hau titi. Maiwada ya murɗa sitiyari, mota ta gangara cikin gonar gero ta tsaya. Ba wanda ya ji ciwo. Amma yayarsa Hanne, mai sana'ar ƙuli-ƙuli, tana zaune a gaba rungume da robar man gyaɗa, kuma murfin bai rufu da kyau ba. Ta fito tana sheƙi tun daga ɗankwali har silifas.

"Wallahi Maiwada," ta ce, "na sake ganin waya a kunnenka kana tuƙi, a rijiya zan jefa ta. Kai ma ka bi ta in ka ga dama."

Duk Kademi an san Yaya Hanne ba ta rantsuwar wasa. Washegari ya kai motar wajen Muhyiddeen mai wayarin, a bayan tasha.

Muhyiddeen ya zare tsohuwar rediyon mai cin kaset, ya sa wata sabuwa mai bulutut, ya ja siririyar waya ya maƙala ɗan makirufo kusa da madubi.

"Kunna bulutut ɗin wayarka. Ka ga sunan rediyon ya fito? Danna shi. Yauwa, amince. Daga yau, da ka tayar da mota za su haɗu da kansu. Kira ya shigo, ga maɓalli nan kore, hannunka na kan sitiyari."

Ya kira shi don gwaji, muryarsa ta cika motar kamar mai wa'azi a kasuwa. Sannan ya buɗe masa taswira a wayar, ya nuna masa inda ake rubuta sunan gari, ya ce akwai wata mata da za ta riƙa faɗa masa hanya da Turanci.

"Ni za a faɗa wa hanya? A ƙasar Gaya?"

"Saboda ranar da aka ɗauke ka shata zuwa Kano. Amma ka ji da kyau: duk wanda ke cikin mota zai ji mai kira, shi ma mai kiran zai ji duk wanda ke cikin mota."

Maiwada ya ce ya ji. Bai ji ba. Hankalinsa na kan shuɗiyar fitilar rediyon.

Kwana huɗu bayan nan abin ya faru. Surukinsa Malam Abdulmuttalib, mahaifin matarsa Bara'atu, tsohon hedimasta ne wanda ya shekara talatin yana zane yara saboda makara. Maiwada ya yi masa alkawarin zai ɗauke shi a Gaya ƙarfe goma, ya kai shi ɗaurin aure Gafasa ƙarfe sha ɗaya. Goma da rabi ta yi yana Kademi yana lodi. Ya ma rubuta Gaya a taswirar don ya burge fasinjoji, ciki har da Yaya Hanne a kujerarta ta gaba. Sai kira ya shigo. Ya danna koren maɓalli yana wani ɗaga kafaɗa.

"Salamu alaikum. Maiwada, kana ina?"

Maiwada ya ɗan rusuna a kan sitiyari. "Baba, barka da hantsi. Ga ni nan, na shigo Gaya, ina daidai gidan mai."

Fasinjoji suka dubi bishiyar darbejiyar da suke ƙarƙashinta tun safe, suka dubi juna. Maiwada ya kai hannu zai rage murya, yatsansa ya taɓa fuskar wayar. Nan take matar taswira ta buɗe baki, cikin nutsuwa da Turanci tsantsa, ta sanar da titin da zai hau da kuma lokacin da zai isa Gaya.

"Wace ce wannan?" in ji Malam.

"Rediyo ce, Baba."

"To rediyon ta ce sai sha ɗaya da minti biyar za ka iso Gaya. Da kai da ita wa zan gaskata?"

Kafin ya haɗa amsa, Yaya Hanne ta matso da bakinta kusa da madubi. "Malam, ina kwana? Hanne ce. Ko tashi ba mu yi ba, mutum ɗaya muke jira."

"Madalla, Hanne. Allah ya yi miki albarka. Ki gaishe min da rediyon."

Malam ya hau adaidaita, ya sami ɗaurin auren. Bai taɓa tayar wa Maiwada da maganar ba, abin da ya fi zagi ciwo. Sai dai tun daga ranar, in ya kira, bayan sallama sai ya ce, "Ba ni matar nan."

Kafin mako ya zagayo labari ya kai Ajingi. Masu kira suka daina tambayarsa komai. Sai dai ka ji, "Jama'ar mota, kuna ina?" fasinjoji kuwa su amsa baki ɗaya kamar 'yan aji. Bara'atu ta kira ta ce ya taho da kayan miya, ya ce ai ya saya, wani dattijo daga baya ya ce, "'Yata, ban ga ko albasa a motar nan ba."

Ya koma wajen Muhyiddeen a fusace ya ce a cire. Muhyiddeen ya nuna masa yadda zai mayar da kira cikin wayar, amma fa sai ya ɗora ta a kunne. Maiwada ya tuna rijiya, ya tayar da motarsa ya tafi.

Da matar taswira kuwa sun daɗe ba sa shiri. Da damina ta taɓa cewa ya bi wata hanyar da ya san ruwa ya cinye, ya ƙi, ya yi wata guda yana ba da labarin yadda ya fi ta sani. Sai ranar da ya kai mara lafiya Kano, ya ɓace tsakanin gadojin sama, ya zagaya shataletale ɗaya sau uku, ita ce ta fitar da shi. Tun daga nan Hajiya yake kiran ta. Ƙarya kuwa bai daina ba gaba ɗaya, rage mata tsawo ya yi. Yanzu cewa yake, "Ina hanya," kuma ba fasinjan da ya isa ya musa.

Akwai wata tsohuwa a unguwarsu, Inna Sa'adiya, wadda kunnenta ya yi nauyi. Ɗanta Mus'ab yana aiki a Fatakwal, kuma shekara uku ke nan in ya kira sai dai wani ya saurara ya faɗa mata da ƙarfi. Wata rana Maiwada na dawo da ita daga asibitin Gaya, Mus'ab ya kira shi don jin yadda aka yi. Muryarsa ta fito daga sifika huɗu. Tsohuwar ta dafe ƙirji.

"Mus'abu? Kai ne? Wallahi na ji ka!"

Yanzu duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Maiwada kan faka a ƙofar gidanta, ya zaunar da ita a gaba, ya ƙure murya, ya ɗaga gilasai, ya fita ya zauna a dakali wai don ya ba su sirri. Gilasan ba sa tare komai. Maƙwabta kan fito da tabarmi. Duk layin sun san Mus'ab yana fama da basir, sun san yarinyar da yake nema ta ce sai ya aske gemu. Makon jiya Inna ta daka masa tsawa ta ce ya aske mana, gemun me, wata mata daga cikin gidan da ke kallon nasu ta ɗaga murya ta ce, "Inna, ki ce masa kar ya yarda!"