Ranar da Mola Ndive Ya Goyi Matarsa

Duk wanda ya san ƙauyen Bova ya san Mola Ndive, ko da ta ƙeya ce, don ƙeyarsa aka fi gani. Ɗan dako ne a Dutsen Fako tun yana saurayi. Baƙi su sauka a Buya, Turawa da 'yan birni, su ce sun zo haik, shi kuwa ya saɓi tukunyar gas da tanti da jarkar ruwa ya yi gaba. Kalmar nan ta haik ta daɗe tana ba mu dariya. Mu a nan in ka ga mutum ya nufi dutse, to gona za shi, ko ɗiban zuma, ko duba tarko. Amma a ce ƙato da lafiyarsa ya sayi takalma na musamman don kawai ya sha wuyar hawa, ya juyo hannu rabbana? Mun dai ja bakinmu mun yi shiru, tunda abincinmu a ciki yake.

Matarsa, Iya Limunga, ita ce ba ta iya shiru ba. Kwakoko, wato tuwon gwaza, take sayarwa a bakin tasha, kuma bakinta ya fi miyarta yaji. A dutsen nan iyakarta gonar gwaza, ba ta taɓa wuce nan ba. Duk ranar da ya sauko tana gasa masa ƙafa da ruwan zafi, sai ta tayar da zancen.

"Baban Eposi, wai me ke can saman ne da mutane ke shiga jirgi su zo gani?"

"Teku. Da an fita daga daji an shiga ciyawa, ga teku nan shimfiɗe, har da tsibirin tsallake."

"To ni ma ka kai ni haik ɗin nan mana. Ko sai na shafa hoda na zama Baturiya?"

"Bari baƙi su ragu."

Baƙi kuwa ba sa raguwa sai da damina, da damina kuma dutsen ba ya hawuwa. Haka suka yi ta yi har 'yarsu Eposi ta yi aure ta haihu. Da rikici ya shigo yankinmu baƙi suka ɗauke ƙafa ɗungurungum, ga lokaci ya samu, amma ba mai shiga daji da matarsa a kwanakin nan. Kafin ƙura ta lafa, gwiwoyin Ndive sun fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sai kuma wata safiya Limunga ta faɗi a gaban murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Bakinta ya karkace, amma bai mutu ba. Ana zaunar da ita a kujera a ƙofar gida, dutsen na gabanta. Da 'yan jami'a suka fara hawa da jakunkunansu, sai ta bi su da ido, ta juyo ta dubi mijinta.

"Har yanzu baƙin ba su ragu ba?"

Maganar ta soke shi. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya ce ranar Asabar zai kai ta bakin ciyawa ta ga teku da idonta, ko da goyo ne. Eposi ta ji labari ta zo a fusace.

"Baba, gwiwar da ba ta kai ka coci ba, ita za ta kai mutum biyu dutse?"

"Na taɓa sauko da Bature mai tumbi a bayan nan. Uwarki nawa take?"

"Ƙyale shi," in ji Limunga. "Yau dai ni ce kayan."

Ɗan acaba ya kai su ƙarshen gonaki. Ndive ya durƙusa, aka ɗora masa ita, aka ɗaure da zani biyu. Ba ta da wani nauyi, wannan ma ya ba shi tausayi. Da kaya ya zauna a bayansa, jikinsa ya koma aikin da ya sani: kai ƙasa, baki rufe, taku gajere. Tana masa magana a kunne, ba ya amsawa.

"Kai, haka kake yi wa baƙin? Ko kurma suka ɗauka?"

Sun yi nisa cikin daji, amma bakin ciyawa na can sama, ko kusa ba su yi ba. A wani hawa mai saiwoyi gwiwar hagu ta ƙi. Ya dafa itace, ya cije, ya ɗaga ƙafa, ta dama ita ma ta bi 'yar'uwarta. A hankali ya sulale ƙasa don kada ya yar da ita. Ya huta ya sake yunƙurawa, ya koma ya zauna. Ya kwance zanin, ya jingina ta da gindin itace. Sama ta gagara, ƙasa ma ba shi da ƙafar mayar da ita. Bai taɓa jin kansa ba shi da amfani kamar ranar ba.

Limunga ta daɗe tana kallon ganyaye. Can ta ce, "To shi ke nan. Ba ni labari. Daga can, wane launi ne tekun?"

Ya san dutsen nan kamar tafin hannunsa, amma daga gwiwa zuwa ƙasa: inda santsi yake, inda tsakuwa ke zamewa, saiwar da ke kama ƙafa. A bakin ciyawa, inda baƙi ke tsayawa suna ihu suna ɗaukar hoto, shi gyara kaya yake ya wuce, don dole ɗan dako ya riga su isa bukkar da ake ya da zango ya ɗora ruwa. A saukowa kuma wanda ya ɗaga kai ya sha ƙasa. Ya sha wucewa ta gaban tekun, bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba.

"Shuɗi ne, ina jin."

"Kana ji?"

"Haka suke cewa."

Ta yi dariya da rabin bakinta, hawaye na bin ɗaya kumatun. Bai san wanne zai fara sharewa ba, nata ko nasa.

Suna nan zaune sai ga 'yan jami'a suna saukowa da waƙa. Wata budurwa a cikinsu ta tsaya.

"Mola, Iya, sannunku! Ku ma haik kuka fito?"

"Eh, 'yata," in ji Limunga. "Haik muka fito."

Da suka fahimci abin da ke ciki, waƙar ta mutu. Budurwar ta ciro waya ta ce ga hoton tekun da ta ɗauka ɗazu. Limunga ta kawar da kai.

"Mayar da abinki. Na hoto na gani har na gaji."

Ndive ne ya karɓi wayar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a ƙasan hoton, kan wani baƙin dutse mai faɗi.

"Nan nake jingina kaya," ya ce.

Samari biyu suka haɗa hannu suka ɗauki Limunga, suka juya ƙasa. Wani ya ara wa Ndive sandarsa ta ƙarfe, irin wadda ya sha yi wa baƙi dariya a kanta. Ya biyo su a baya yana ɗingishi, ba komai a bayansa, amma har suka iso gonaki kansa na ƙasa.