Alƙalin da Ya Riƙe wa Kowa Jariri

Jawo benci ka zauna, ka ajiye saurin nan naka a bakin ƙofa, in ba ka labarin Don Teodosio Huamaní, kafintan garinmu Killapata, wanda muka naɗa alƙali bai taɓa buɗe littafin doka ba.

Babbar kotu tana birni, tafiyar yini guda in dutse bai zubo kan hanya ba. Don haka ƙananan rigingimu, irin na iyakar gona da jakin da ya ci masarar wani, alƙalin sulhu ke jin su, mu kuma muke zaɓensa a dandali. Shi Don Teodosio Allah bai sa masa a'a a baki ba. Shekara talatin, duk wanda aka yi wa haihuwa shi yake kira ya riƙe jaririn ranar baftisma, daga nan shi da iyayen sun zama kompadre da komadre har kabari. Ranar zaɓe kowa ya ɗaga masa hannu, kowa kuma a ransa yana cewa, shi ke nan, kotu ta dawo gidanmu.

Aka ba shi hatimi da littafi mai baƙin bango da ɗaki kusa da coci. Teburin shi ya ƙera abinsa.

Shekarar ruwan sama ya makara. Doña Eleuteria, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da gonar dankali guda ɗaya tal, ranar Alhamis ce tata a rabon ruwan magudana. Alhamis biyu a jere ɗigo bai iso mata ba, ganye ya fara lanƙwashewa. A saman gonarta akwai ta Don Crisóstomo Ccori, daidai inda dutsen da ke raba ruwan yake.

Ran Litinin ta zo shagon kafinta da gasasshen ɓeran masar a lulluɓe, ta kai masa kukanta. Don Teodosio ya ci, ya share hawaye, ya ce, "Komadre, je ki kwanta, ruwa naki ne." Ran Talata Don Crisóstomo ya zo da cuku da tulun giyar masara, shi ma ya koma gida da murna.

Matar alƙali, Doña Hermelinda, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu. "Tsoho, magudana nawa gare ka da kake rabawa haka?"

"To mutum ya zo har gidana, in kore shi?"

Ta ɗauko littafin nan, ta kakkaɓe masa garin katako, ta karanta masa da ƙarfi kamar mai yi wa kurma: alƙali ba ya jin ɗaya a bayan idon ɗaya, wanda ya yi ƙara shi ke kawo hujja, wanda aka yi ƙararsa dole a bar shi ya kare kansa, kuma alƙali ba ya karɓar komai a hannun kowannensu.

"Wanda na riga na ci fa?"

"Wannan tsakaninka da cikinka."

Ran Laraba ɗakin ya cika har taga. Doña Eleuteria ta faɗi nata: an gusar da dutsen, ruwanta ya koma gonar maƙwabci, in wannan Alhamis ma ta wuce, bana ba ta da abin sa wa a tukunya. Don Crisóstomo ya yi ta ƙifta wa alƙali ido, alƙali kuwa ya kafa wa teburinsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Da Don Crisóstomo ya ga alamar cukunsa ya tafi a banza, sai ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, na ji a birni alƙali ba ya jin shari'ar ɗan'uwansa. Matar nan komadrenka ce. Ka sauka, a kai maganar babbar kotu."

"Ji marar kunya!" in ji Doña Eleuteria. "Ni ɗa ɗaya ya riƙe mini, kai uku, har da mai kan kabewar nan naka!"

Aka yi dariya, amma kowa ya gane dabarar. A birni sai an yi wata uku kafin a kira sunanka. Dankali kuwa mako guda ya rage masa.

Don Teodosio ya goge zufa. Ga ƙofa an buɗe masa: ya ce na sauka, ya tsira da kowa. Ya dubi matarsa, ya dubi littafin, ya daɗe yana bin layi da ɗan yatsa.

"Nan jini aka rubuta da aure, ban ga ruwan baftisma ba. Amma dai bari mu gani. Duk wanda ban riƙe wa jariri ba a ɗakin nan, ya ɗaga hannu."

Hannu ɗaya ya tashi, na Fada Anacleto, limamin cocinmu, wanda ba ya aure balle haihuwa.

"To kun gani. In na sauka yau, ba ni da sauran shari'ar da zan ji sai ranar da Fada Anacleto ya kai kansa ƙara. Ku tashi, kotu ta koma bakin magudana."

Muka ɗunguma, alƙali a gaba da littafi a hammata. Ga dutsen nan, gefen da ke da gansakuka yana kallon rana, ga tsohon gurbinsa a buɗe taku ɗaya daga wurin. Masarar Don Crisóstomo kuwa kore shar, har kafaɗa.

"Kompadre, wa ya juya dutsen nan?"

"Wataƙila girgizar ƙasa ce."

"Girgizar da ta bar coci, ta bar gidaje, ta zaɓi dutse ɗaya, kuma ran Alhamis? Kana da wanda ya ji ta?"

Ba a samu shaida ko ɗaya ba. Don Teodosio ya ɗora littafin a gwiwa ya rubuta: Don Crisóstomo zai mai da dutse gurbinsa da hannunsa yanzu, ya kuma ba Doña Eleuteria ruwan ranar rabonsa, Asabar biyu. "In ba ka yarda ba, kana da damar ɗaukaka ƙara birni, ni zan ba ka takardar. Amma kafin su kira ka, ruwa zai bi inda na ce." Ya buga hatimi.

Washegari ruwa ya shiga gonar Doña Eleuteria, dankali ya ɗago kai. Don Crisóstomo bai ɗaukaka ƙara ba. Abin da ya yi ya fi haka ciwo: da matarsa ta haifi na huɗu, har garin gaba ya je ya ɗauko wani mai gyaran taya ya riƙe jaririn, ya kuma sa makaɗa suka tsaya a ƙofar shagon kafinta suka ƙare waƙa guda. Don Teodosio yana ciki yana goge katakon da ya riga ya yi sumul.

Har yau in sun haɗu a hanya, ɗaya sai ya ga abin kallo a sama. To kai da ka zauna ka ji, da kai ne a bayan teburin nan ran Laraba, sauka za ka yi ka tsira da kompadrenka, ko magudana za ka nufa?