Ranar da sifeto ya sa tabarau

Har yau na kasa mantawa da ranar da sifeto ya zo makarantarmu a Safana. Lokacin ina koyar da kimiyyar sinadarai, a shekarun da 'yan bindiga suka koro mutanen Ruma da Zakka, ajina ya cika da 'ya'yansu. Ba mu da ɗakin gwaji. Abin da muka mallaka kwamfuta ce guda, mai manhajar da ke nuna siffar ƙwayoyin sinadari. Takan zana kowace ƙwaya sau biyu, ja da shuɗi. In ka sa tabarau mai gilashi ja a hagu, shuɗi a dama, sai ƙwayar ta taso kamar ka kai hannu ka kama.

An turo sifeton ne ya duba ko kwamfutar tana da amfani. In babu, a mayar da ita Katsina.

Ya sa tabarau a gaban ɗalibai, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam Nura, ni ja kawai nake gani, kuma a shafe yake."

Ni kuwa duk abin da ya lalace kaina nake fara zargi. Na rage tazarar hotunan biyu, na ƙara. Na musanya hagu da dama. Na goge tabarau, na canja masa wani. Da na sa da kaina, ga ƙwayar suga a tsaye ƙiri-ƙiri. Sai da na matso zan miƙa masa na lura yana ta rufe idonsa na dama, ashe idon ya yi fari fat, ba ya gani da shi. Abin kuwa sai da ido biyu.

Na raɗa wa shugaban makaranta da ke tsaye kusa da ni. Ya damƙe hannuna, ya ce, "Kul! Sa'an mahaifinka ne. A gaban yara za ka ce masa mai ido ɗaya?"

Sifeto ya juyo. "To malam, ina matsalar take?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin... wataƙila daga na'urar ce."

Ya rubuta haka a rahotonsa. Ba a jima ba mota ta zo ta ɗauke ta.

Wataƙila da na bi shi waje na faɗa masa a keɓe, da ya fahimta. Ban sani ba, ban kuma gwada ba. Abin da dai na koya a aikin nan shi ne, in gyara ya kai ga fuskar babba, na'ura ce ke ɗaukar laifi, yara su ɗauki hasara.