Zagaye Biyu da Rabi da Na Yi wa Na'urar Maigidana

Shekarun baya, farkon zuwan Shari'a, ina amarya a Jibiya, abin da ya fara ɗaukar idona a gidan mijina wata 'yar fitila ce ja da ke ƙyaftawa a ɗakin zaure. Maigidana yana cikin masu rediyon sha'awa, wato masu hira da juna ta na'urar rediyo, da lasisinsa. Akwatin mai fitilar shi ke karɓar maganar abokansa ya sake watsa ta, daga Magama har Maraɗi. Dokar da ya kafa mini ɗaya ce: in saurara, kada in taɓa.

Ni kuwa littattafan soyayya sun gama cika mini kai. Idan ya tafi Maraɗi, bayan la'asar yakan kira abokansa ta rediyon hannu, in jiyo shi ta akwatin yana cewa yana jin su tangaram. A zuciyata da ni yake. Sai dai muryarsa tana fitowa siririya, ba irin ta jaruman littafi ba. Wata rana na buɗe murfin, na ga wani ɗan sukuru da aka ɗiga wa jan fenti. Na taɓa jin ya ce nan ne ƙarfin murya. Na sa tsinken kitso na murɗa.

Muryar ta yi ƙarfi, amma ta fashe, kamar ana yaga atamfa. Na ce gobe za ta gyaru.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, maigidana yana can Maraɗi, jami'an kan iyaka biyu suka yi sallama. Surukata ce ta fita, ni ina bayan labule. Suka ce maganganu daga gidan nan suna kutsawa layinsu, Hausa da Faransanci a dagule, kuma suna zargin 'yan fasa-ƙwauri ake yi wa jagora. In bai daina ba kafin azahar ɗin gobe, za su kwashe kayan, maigidan kuma su tsare shi da ya tsallako.

Lokacin ko'ina hirar kotu ake yi da bulala, ban ma san wace kotu ke shari'ar rediyo ba. Na hango shi da ankwa a gaban direbobi da 'yan dako, saboda ni. Na kasa cin tuwo, na kasa gaya wa surukata.

Ita ta aika aka kira abokin maigidana, wani dattijo ɗan Maraɗi mai gyaran rediyo. Ya zauna a zaure, surukata a bakin ƙofa, ni ina raɓe a bayanta. Ya duba baturi, ya bi wayar eriya da hannu, ya canza makirufo. Sannan ya jona wata na'ura mai allura, ya yi fito a makirufon. Allurar ta wuce jan layi ta bugi bango.

"An buɗe mishi baki ya yi yawa, Hajiya," ya ce. "Shi ya sa muryar ke tsagewa, tana malala gidan maƙwabta."

Surukata ta shiga ɗebo masa ruwa. Ya kalli fentin da ya fashe, bai ɗago kai ba.

"Amarya, zagaye nawa?"

"Biyu da rabi, Baba."

"Dama ko hagu?"

"Dama." Kuka ya ƙwace mini.

"To, share hawaye, injiniya. Da ba ki faɗa ba, da kin bar ni ina lalube har la'asar."

Ya mayar a hankali, yana fito yana kallon allurar, har ta tsaya ƙasa da layin. Da jami'an suka dawo, ya nuna musu komai, ya ce sukurun ne ya goce, an mayar. Suka kunna nasu, shiru. Suka duba lasisi, suka tafi.

Da bakina na gaya wa maigidana, bayan na yi mako ina juya maganar. Sai ya tashi ya sa wa murfin kwaɗo. Har yau in na ji rediyo yana tsagewa, gabana faɗuwa yake. Na gane son jin muryar mutum bai ba ni iznin taɓa abin da ban sani ba.

Dattijon nan daga baya ya kurumce, ya koma Maraɗi wurin 'yarsa, can ya rasu. Da na je gaisuwa na ba matarsa labarin, sai ta riƙe baki. Ko ita bai taɓa gaya wa ba.