Allon da Ke Kallon Benci

Shagona a Nima bai fi ɗakin girki ba. Aikina fosta: ta aure, ta suna, da ta adua, wato taron addu'ar mamaci. Tsohuwar kwamfuta ce na samo a kasuwar Circle, na ɗora mata manhajar Linux don ba ta iya ɗaukar kaya mai nauyi. Allo biyu na haɗa mata. Ɗaya yana gabana, ɗayan na juya shi yana kallon benci, saboda na gaji da masu leƙowa ta kafaɗata suna hura mini numfashi a wuya. In na gama aiki sai in ja shi zuwa allon waje, mai shi ya gani daga inda yake zaune.

Idan babu aiki a allon bencin, na saita shi ya riƙa juya hotunan mutanen da na taɓa yi wa fosta, amare da jarirai da mamata. Talla ce kawai.

Akwai wata tsohuwa a layinmu da ta daina sayar da koko, kowa Mma yake ce mata. Bayan la'asar takan shigo da carbinta ta zauna a benci. Ba ta kawo aiki, ba ta hira. Ni kuwa bakina ba ya shiru.

"Mma, iskar fanka kika zo sha kyauta ko?"

"Kai dai yi aikinka," in ji ta.

Da kwamfutar ta fara jan ƙafa, sai na sauya mata fuskar tebur, wato manhajar da ke tsara abin da ke kan allo, da wata mara nauyi. A sabuwar na kasa raba wa kowane allo hotonsa. Abin da ke waje shi ke gabana. Ni kuma ba na son mamata su zuba mini ido ina aiki, sai na shafe duka biyun da shuɗi. Har yabon kaina na yi, na'ura ta koma gudu.

Mma ta zo ta zauna, ta kalli shuɗin nan har aka kira magariba. Washegari ma haka. Daga nan ban sake ganinta ba, na ji an ce ta koma Kotobabi wajen 'yarta.

An daɗe, 'yar ta zo yin katin suna. Tana zama ta ce, "Masta, don me ka cire tsohonmu daga tiibii? Abun ya yi ma Mma ciwo paa."

Ashe mijin Mma yana cikin hotunan. Ni na yi fostar aduarsa, ambaliya kuma ta tafi da ainihin hoton, babu wani a gidan. Zaman jiran fuskarsa ta zagayo take yi. Mace irin ta zamaninsu ko sunan miji ba ta faɗa, balle ta gaya wa sa'an ɗan cikinta cewa tana kewar fuskarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau in na tuna zolayar da nake mata sai kunya ta kama ni.

A ranar na buga hoton a babbar takarda, na hau mota zuwa Kotobabi. Na tarar yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu. Na durƙusa na gaishe ta, na sa mata takardar a hannu, na faɗa mata ko wane ne. Ta shafa ta a hankali, daga sama har ƙasa, sannan ta miƙo mini.

"Riƙe shi, ɗana," ta ce. "Kai ke da ido."